Ilimin Kwamfutar da Ake Buƙata ga Ɗalibin Kimiyya a Jami'a

Duk ɗalibin da ya samu gurbin karatun kimiyya a jami'a a yau ya taɓa zama gaban kwamfuta aƙalla sau ɗaya, domin tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, ta mayar da ita kacokan kan na'ura. Sai dai abin da jarrabawar ke nema daga hannun yaro bai wuce ya karanta tambaya a allo ya zaɓi A, B, C ko D ba. Da yawa daga yaran da ke fitowa daga makarantun sakandare na Fagge da Sabon Gari da Kurna da Rijiyar Lemo a Kano sukan koyi wannan 'yar dannawa ne ana saura mako biyu ko uku a shiga jarrabawa, a wata cibiyar horo ta unguwa, daga nan kuma su da kwamfuta sai wani jiƙon. Bayan shekara huɗu, wannan yaron ne za a ce ya kawo kundin bincike mai ɗauke da jadawalin alƙaluma, da zanen sakamako, da lissafin ƙididdiga, da jerin manazarta. Tazarar da ke tsakanin waccan dannawa da wannan kundi tana da faɗi, kuma cike ta shi ne ilimin kwamfutar da ake nema daga ɗalibin kimiyya.

A hukumance an san da wannan buƙata. A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin BMAS. A ƙarƙashinsa hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, a bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike gwargwadon yanayinta. A cikin darussan da aka ɗora wa ɗaliban kimiyya a aji ɗaya akwai COS 101, gabatarwa ga kimiyyar kwamfuta. Don haka ɗalibin sinadarai ko na halittu ko na fiziya a Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko jami'ar Northwest da gwamnatin jiha ta kafa a 2012, zai haɗu da kwamfuta tun zangon farko. Amma darasi ɗaya na zango ɗaya, a aji mai cike da ɗaruruwan ɗalibai, ba ya haifar da gwani. Iyakarsa ya buɗe ƙofa. Ana iya haddace sassan kwamfuta da tarihin ƙarnoninta, a ci jarrabawa da maki mai kyau, alhali hannu bai taɓa shirya jadawali ko ɗaya ba.

Akwai kuma wani ruɗi da ya kamata a kawar tun da wuri, shi ne ɗaukar ƙwarewa a wayar hannu a matsayin sanin kwamfuta. Tun da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya a 2001, aka samu tsarar matasa da suka buɗi ido da waya a hannu. Matashin Fagge yana iya tura kuɗi, ya shirya bidiyo, ya sayar da atamfar Kantin Kwari ta WhatsApp ga mai saye a Yamai. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, ba abin rainawa ba. Sai dai an ƙera waya ne ta yadda za ta ɓoye wa mai ita cikinta: bai san inda fayil yake kwance ba, bai san nau'insa ba, bai san abin da zai yi in ya ƙi buɗuwa ba. Aikin kimiyya kuwa yana son mutum ya san inda kowane adadi ya fito, da hanyar da ya bi, da abin da aka yi masa kafin ya bayyana a shafin ƙarshe.

Matakin farko ba shi da ƙyalli, shi ya sa ake tsallake shi. Ɗalibi ya iya buga rubutu da yatsu goma ba tare da kallon madannai ba, abin da rabin sa'a na atisaye kullum ke samarwa cikin 'yan makonni. Ya iya buɗe jaka ga kowane darasi, ya raɗa wa fayil suna mai ma'ana haɗe da kwanan wata, ya bambance fayil ɗin docx da pdf da xlsx da csv. Ya iya rubuta imel ga malaminsa da take da gaisuwa da sunansa da lambarsa ta jami'a. Ɗalibi Bahaushe ya ƙara da sanin yadda ake fitar da ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ, domin takardar tambayoyin da zai kai wa manoma ko masu jego da Hausa za ta kasance. Sannan ya saba da ajiye aikinsa a wuri fiye da ɗaya: a cikin na'urar, da cikin filashi, da kuma ma'ajiyar intanet irin Google Drive, wadda ke ba kowane mai adireshi gigabait 15 kyauta. Kowace shekara sai an ji ɗan ajin ƙarshe da aka sace masa kwamfuta a Adaidaita Sahu, ko filashinsa ya kamu da ƙwayar cuta a shagon buga takardu, aikin wata shida ya tafi.

Ambaton shagon buga takardu ya kawo mu ga wata al'ada da ke da tushe a tarihin wannan yanki. Fagge tun asali zango ne na fatake da baƙi a wajen ganuwar birni. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a wajejen 1913 domin ma'aikatan da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu akawuna ne na kamfanonin ciniki da hukumar jirgin ƙasa. A wancan zamani buga tafireta sana'a ce ta akawu. Mai buƙata ya rubuta da hannu ko ya faɗa da baki, akawu ya buga. Tafireta ta kau, kwamfuta ta zo, amma rabon aikin bai sauya ba. Har gobe ɗalibi yakan rubuta kundinsa da biro a takardun fulsikaf, ya kai shago a buga masa shafi-shafi. Masu waɗannan shaguna suna neman halalinsu ne, kuma sun taimaki dubban mutane. Matsalar ita ce mai bugun ba ɗan kimiyya ba ne. Ba zai san cewa 2 ɗin da ke cikin H₂O a ƙasa take zama ba, ko cewa alamar µ ta bambanta da harafin u, ko cewa sunan kimiyya na sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, Anopheles gambiae, da karkataccen rubutu ake buga shi, kalmar farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami. Ga takardar haya ko ta gayyatar biki, akawu ya wadatar. Ga kimiyya, rubutun da lissafin da tunanin abu ɗaya ne, ba sa rabuwa hannu biyu.

Inda aikin yake da nauyi shi ne jadawalin lissafi, wato Excel ko takwaransa na kyauta, LibreOffice Calc. Misali na kusa zai fi fito da abin fili. Kogin Jakara yana ratsa cikin birni, ya kwashi dagwalon unguwanni da na kasuwanni, ya wuce ta gefen Fagge da Sabon Gari, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, kafin ya zuba a madatsar Wasai. A gaɓarsa ana noman latas da alayyafo da kabeji. Shekara da shekaru ɗaliban sinadarai da na halittu suna ɗibar ruwansa da na rijiyoyin da ke kusa domin auna gubar dalma da kuromiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan miligiram 0.01 a kowace lita, kuromiyam kuma 0.05. A ɗauka ɗaliba ta auna ruwan rijiya ɗaya sau huɗu, ta samu 0.012 da 0.015 da 0.011 da 0.014. Matsakaicinsu 0.013 ne. In wajen shigarwa sifili ɗaya ya faɗi, 0.014 ya koma 0.14, matsakaicin zai tashi zuwa 0.0445, ya ninka gaskiya fiye da sau uku. Kwamfuta ba za ta yi gardama ba, za ta lissafa abin da aka ba ta. Wadda ta ɗebo ruwan da hannunta, ta tsaya gaban na'urar awo, ita ce za ta ji adadin ya yi mata baƙo. Mai shago ba zai ji ba.

Saboda haka ana sa ran ɗalibi ya san ƙa'idojin shirya alƙaluma kafin ya san na ƙawata su. Kowane layin kwance samfuri ɗaya, kowane layin tsaye ma'auni ɗaya, kowane gida adadi ɗaya tak. Ma'aunin awo, miligiram ne ko maikurogiram, a kan take ake rubuta shi, ba a cikin gidan adadi ba, don kada na'ura ta ɗauki adadin a matsayin rubutu ta tsallake shi wajen tarawa. Gidan da ba a auna ba a bar shi fayau ko a sa masa alama sananniya, kada a sa sifili, domin sifili sakamako ne. Kwanan wata a rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, saboda 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuma 4 ga Maris, kuma yawancin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu da tsarin ƙasar da suka fito suke zuwa. Asalin alƙaluman da aka kwafo daga littafin ɗakin gwaje-gwaje a killace su a shafi na dabam da ba a taɓawa, duk wani gyara a yi shi a kwafi. Sai a zo ga rubuta ƙa'idar lissafi a cikin gida, da jan ta zuwa ƙasa, da sanin amfanin alamar dala wajen ɗaure gida kada ya gusa. Sai zane: a san lokacin da ake amfani da sanduna, da lokacin da ake watsa ɗigo, a sa wa kowane gefe suna da ma'auni, a iya fitar da miƙaƙƙen layin daidaita na'ura daga samfuran da aka san ƙarfinsu, wanda shi ne ginshiƙin kowane awo a sinadarai.

Kada a zaci ƙananan ɗalibai kaɗai wannan rami ke rufta wa. A 2016 wasu masu bincike a Ostareliya suka duba dubban maƙalun kimiyyar ƙwayoyin gado, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka haɗo jerin sunaye a Excel suna da kuskure iri ɗaya: manhajar ta ga suna kamar SEPT2 ko MARCH1, ta zaci kwanan wata ne, ta mayar da shi 2 ga Satumba ko 1 ga Maris. Abin ya kai a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1. A watan Oktoban shekarar kuma, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga ƙidaya ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, abin da ya haura sai ya zube shiru. Wanda ya fi dacewa da ɗalibi shi ne labarin Thomas Herndon, ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst. An ba shi aikin aji ya maimaita lissafin wata shahararriyar maƙala ta 2010 ta farfesoshi biyu na Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, kan bashin ƙasa da bunƙasar tattalin arziki. Ya yi ya yi lissafin bai fito ba. Da ya samu ainihin jadawalinsu a 2013, sai ya ga ƙa'idar fitar da matsakaici ta tsallake ƙasashe biyar. Abin da ya kai shi ga haka bai wuce iya buɗe gida a duba ƙa'idar da ke ƙarƙashin adadi ba.

Daga jadawali sai ƙididdiga. A sassan kimiyyar halittu da lafiya da noma an fi sabawa da SPSS, manhajar da ta samo asali tun 1968. Tana da sauƙin dannawa, kuma a nan haɗarinta yake, domin mutum yana iya fitar da tebur mai cike da lambobi bai san me ya tambaya ba. Daga nan ne wata kasuwa ta ɓulla, wadda duk wanda ya yi karatu a jami'a ya san ta: a kai alƙaluma wa wani, a biya, a dawo a karɓi babi na huɗu a shirye. Ranar kare kundi kuwa ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Mai jarrabawa na waje zai tambayi dalilin da aka zaɓi gwajin t ba ANOVA ba, ko ma'anar p da ta gaza 0.05, ɗalibi ya tsaya yana kallon silin. Abin da ake nema ba zurfin ilimin ƙididdiga ba ne. Ya san bambancin matsakaici da adadin tsakiya, ya san abin da ma'aunin warwatsuwa ke faɗa, ya san gwajin da ya dace da rukuni biyu da wanda ya dace da uku ko fiye, ya san cewa tafiyar abu biyu tare ba hujja ba ce ta cewa ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Sannan ya iya yin hakan da kansa. SPSS ta kuɗi ce, kuma yawancin kwafin da ke yawo a filashi na sata ne. Akwai R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, kyauta ce, kuma ta zama harshen ƙididdiga a manyan cibiyoyin bincike na duniya. Akwai jamovi da JASP ga mai son dannawa, su ma kyauta.

Rubuta wa kwamfuta umarni shi ne abin da ɗaliban da ba na sashen kwamfuta ba suka fi tsoro, suna ganin baƙon abu ne. A gaskiya tushensa tsohon sani ne a ƙasar Hausa. Kalmar algoridim daga sunan Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ta fito, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma ma'anarta jerin matakai ne bayyanannu da in aka bi su za a kai ga amsa. A 1732 malamin Katsina, Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake cike gidajen hatimi wanda adadin layukansa mara ne, uku ko biyar ko bakwai, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya: 15 a mai gida tara, 65 a mai gida ashirin da biyar. Bai zana hatimi ɗaya ya ce a haddace ba. Ya ba da ƙa'idar inda za a fara, da yadda za a matsa daga gida zuwa gida, da abin da za a yi in an fita gefe ko an tarar gida a cike. Wannan shi ne ainihin tunanin mai rubuta umarni: mafari, maimaici, da sharaɗi. Ɗalibin da ya fahimci waɗannan uku ya riƙe kan igiyar.

Harshen da ya fi dacewa a fara da shi a yau shi ne Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Tsofaffin malaman fiziya da lissafi da FORTRAN suka tashi, harshen da kamfanin IBM ya fitar a 1957, wanda har yanzu yake aiki a manyan lissafe-lissafen hasashen yanayi. Ba a neman ɗalibin sinadarai ya zama mai ƙera manhaja. Ana neman ya iya rubuta layi ashirin ko talatin da za su buɗe fayil, su tace shi, su lissafa, su zana. Kano tana da tarihin awon ruwan sama na fiye da shekara ɗari, kuma tashar hukumar hasashen yanayi, wato NiMet, tana filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, a cikin ƙaramar hukumar Fagge. Awon kullum na shekara talatin kaɗai ya kusa layi dubu goma sha ɗaya. Mai son gano ranar faɗuwar damina a kowace shekara da hannu zai kwashe kwanaki, kuma in malami ya ce a sauya ma'aunin, sai ya koma farko. Mai umarni a rubuce adadi ɗaya zai sauya ya sake kunnawa. Bugu da ƙari, umarnin shaida ne: kowa zai iya karantawa ya ga abin da aka yi, ya maimaita.

Kowane fanni kuma yana da kayan aikinsa. Ɗan sinadarai ya iya zana siffar sinadari ya nemo bayanansa a PubChem. Ɗan kimiyyar ƙananan halittu ya iya ɗaukar jerin ƙwayoyin gado ya kwatanta da na rumbun GenBank ta hanyar BLAST. Ɗan lissafi da ɗan fiziya su saba da LaTeX. Ɗan labarin ƙasa da na muhalli ya iya QGIS, ya sauko da hotunan tauraron Landsat, waɗanda Amurka ta mayar kyauta tun 2008. Amfanin irin wannan aikin taswira Kano ta gan shi da idonta a yaƙi da shan inna, lokacin da aka sauya taswirorin da ma'aikata ke zanawa da hannu da na tauraron ɗan Adam, aka riƙa bin sawun masu riga-kafi da wayoyi masu GPS don gano ƙauyuka da rugagen da ake tsallakewa. Ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano tana cikin waɗanda suka yi aikin, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Neman abin karantawa shi ma fasaha ce. Buga tambaya a Google a kwashi abin da ya fara fitowa ba bincike ba ne. Ɗalibi ya san Google Scholar da PubMed, ya san AJOL, rumbun mujallun Afirka, inda zai samu mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, BAJOPAS, da ayyukan da aka yi kan ruwa da ƙasa da tsirran Kano. Ya tambayi ma'aikatan ɗakin karatu irin rumbunan da jami'arsa ke da izinin shiga. Ya iya gane mujallar bogi, wadda ke karɓar kuɗi ta buga komai cikin kwana uku ba tare da masana sun tantance ba. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba sai an yi masa dogon bayani kan manazarta ba: magana ba ta karɓuwa sai an san wanda ya faɗa, daga wa ya ji, kuma ko amintacce ne. Ambaton tushe a kimiyya isnadi ne. Manhajar Zotero, wadda kyauta ce, tana adana kowace maƙala da bayananta, ta jera manazarta da kanta a salon da sashe ya zaɓa. Haka Word tana fitar da jerin abubuwan ciki da lambobin tebur da kanta ga wanda ya koyi amfani da tsarin kanun rubutu, a maimakon jera ɗigo da hannu har gefen shafi.

Kwafe aikin wani a liƙa sata ce, ko da an sauya 'yan kalmomi, kuma jami'o'i suna amfani da manhajoji irin Turnitin wajen kama ta. Tun fitowar ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamban 2022, lamarin ya ɗauki sabon salo. Ƙirƙirarriyar basira tana da amfani ga ɗalibi: tana bayyana saƙon kuskuren da Python ya fitar, tana gyara Turanci, tana sake bayanin darasi ta wata fuska. Amma an gina ta ne kan hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, don haka tana iya ƙaga maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, cikin harshe mai gamsarwa. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: duk maƙalar da ɗalibi bai buɗe ya karanta ba, ba ta shiga kundinsa, duk lissafin da ba zai iya bayyanawa a tsaye ba, ba nasa ba ne.

Akwai amanar bayanai. Ɗalibin da ya karɓi sakamakon gwajin jini daga asibiti ko amsoshin mata masu juna biyu ya riƙe sirrin mutane ne. Sunaye a cire su, a sa lambobi, fayil a kulle da kalmar sirri, kada a tura shi zauren WhatsApp na aji, kada a bar kwafinsa a kwamfutar shago. Tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan mutane, kuma ba ta ware ɗalibi ba.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da na'ura a hannu, kuma a nan Fagge da Sabon Gari suke da rawar takawa, domin a titin Beirut da shagunan kayan lantarki na Sabon Gari ne ɗaliban Kano da dama ke sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, galibi ta hannu. Ta hannu ba aibu ba ce in an san abin dubawa. RAM mai gigabait 8 da ma'ajiyar SSD sun fi kyan jiki da girman allo muhimmanci. A kunna ta a cire caja a ga yadda batir ke sauka, domin a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa batir shi ne rabin kwamfuta. A gwada kowane maɓalli da kowace kafa, a tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin tsohon mai ita ba, a karɓi rasit mai lambar na'urar. A kuma sani cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan suna aiki lafiya da Linux, wanda kyauta ne, kuma shi ne ke tafiyar da manyan kwamfutocin bincike na duniya. Wanda bai samu halin saye ba tukuna, zai iya rubuta Python ta Google Colab a kowace kwamfutar aro mai intanet, ko ya haɗa kai da abokan karatu biyu ko uku su yi karo-karo.

Wuraren koyo ma suna nan: cibiyar fasahar sadarwa ta jami'a, reshen Digital Bridge Institute na hukumar NCC da ke titin Katsina, horon da ƙungiyar CITAD ke shiryawa, da shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Watannin horon aiki na SIWES dama ce ga wanda ya zaɓi wurin da za a ba shi alƙaluma ya sarrafa, ba wurin sa hannu a littafi kawai ba. Iyaye kuma su lura cewa a gidaje da dama in an sayi kwamfuta ɗaya ɗa namiji ake miƙa wa, alhali azuzuwan kimiyyar halittu da na sinadarai cike suke da 'yan mata, kuma jarrabawar da za a yi musu ɗaya ce.

Nauyi mafi girma yana kan sassan kimiyya da kansu. Muddin kwamfuta tana zaune a darasi ɗaya na aji ɗaya, ɗalibi zai ci jarrabawarta ya manta, sai ajin ƙarshe ya tuna da ita cikin firgici. Kashi 30 da NUC ta bar wa jami'o'i ya isa a gyara wannan ba tare da jiran kowa ba. Malaman ɗakin gwaje-gwaje su fara tun aji biyu: kowane rahoton gwaji ya zo tare da fayil ɗin alƙalumansa, ɗalibi ya buɗe shi gaban malami, ya nuna gidan da ƙa'idar lissafin take, ya sauya adadi ɗaya, ya faɗi abin da zai faru da zanen kafin ya danna.